Shayin Matcha na Japan: Yadda Ake Tantance Ajinsa da Yadda Ake Haɗa Shi

A shekarar 2024 ƙasar Japan ta sayar wa ƙasashen waje koren shayi tan 8,798, wanda kuɗinsa ya kai yen miliyan dubu 36 da miliyan 400, adadin da ya zarce na dukkan shekarun da suka gabace ta. Kaso mafi tsoka na wannan ciniki ya fito ne daga shayin da aka niƙe ya zama gari, musamman wanda ake kira matcha, wanda Japanawa ke furtawa "macca". Amurka ce ta fi kowace ƙasa saye, sa'an nan ƙasashen Turai da na Asiya suka biyo baya.

Kafin shekarar ta ƙare, wasu tsofaffin gidajen shayi biyu na yankin Kyoto, wato Ippodo da Marukyu Koyamaen, sun ƙayyade yawan gwangwanayen da mutum ɗaya zai iya saye saboda ƙarancin kaya. A watan Mayu na 2025 kuma, farashin ganyen da ake yin matcha da shi ya kai yen 8,235 kowane kilo a kasuwar gwanjo ta Kyoto, alhali kuwa mafi tsadar da aka taɓa gani kafin nan shi ne yen 4,862 a 2016.

Sai dai wannan ƙaranci bai shafi dukkan nau'o'in matcha daidai wa daida ba. Ya fi tsanani ne a kan aji mafi daraja, wanda dama ɗan kaɗan ake samarwa a kowace shekara. Daga cikin dalilan haka akwai rashin sanin aji a wajen sababbin masu saye. Wasu na sayen gari mai tsada su zuba masa madara da sukari, inda duk ɗanɗanon da suka biya kuɗi dominsa yake ɓacewa, wasu kuma na biyan kuɗin lamba ɗaya su karɓi lamba uku saboda wata kalma da aka buga a jikin gwangwani. Ga ɗan kasuwar da ke niyyar shiga wannan harka, sanin ajin da ya dace da abin da za a yi da shi, shi ne ke raba riba da asara.

Asalinsa

Al'adar niƙa ganyen shayi a burka shi cikin ruwan zafi ta bunƙasa ne a ƙasar Sin zamanin daular Song. Wani malamin addinin Buda ɗan Japan mai suna Eisai ya koma gida daga can a 1191 ɗauke da irin shayi da kuma wannan hanya ta shan sa, kuma a 1211 ya rubuta littafi a kan amfanin shayi ga lafiyar jiki. A ƙasar Sin al'adar ta ja baya tun daga 1391, lokacin da sarkin farko na daular Ming ya hana kawo wa fada curarren shayi, ya ce a riƙa kawo ganye. A Japan kuwa sai ta sami gindin zama, har ta zama wani shagali mai ƙa'idoji, wanda Sen no Rikyu, da ya rasu a 1591, ya tsara shi yadda aka san shi. A ƙarni na 16 ɗin nan ne manoman Uji, kudu da birnin Kyoto, suka soma yi wa itatuwan shayi rumfa, kuma daga wannan dabara ce matcha ya sami launi da ɗanɗanon da ya bambanta shi da kowane shayi.

Daga gona zuwa dutsen niƙa

Itacen da ke ba da matcha shi ne dai ke ba da baƙin shayi da sauran koren shayi. Bambancin yana cikin aikin da ake yi masa. Kimanin makonni uku zuwa huɗu kafin a tsinki ganye, ana rufe gonar don a tare hasken rana, kuma a kwanakin ƙarshe akan tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na hasken. A tsohuwar hanya ana kafa rumfa ne a shimfiɗa asabari, daga baya a baza karan shinkafa a kansa. Mafi yawan gonaki a yau baƙin ƙyalle na roba suke amfani da shi, ko dai a kan rumfa, ko kuma a lulluɓa shi kai tsaye a jikin itatuwan, wanda shi ne mafi arha.

Dalilin wannan wahala shi ne akwai wani sinadari a cikin ganyen da ake kira tiyanin, wanda ke ba shayi garɗi da ɗan zaƙi. Idan rana ta bugi ganyen, sai tiyanin ya riƙa juyewa zuwa sinadarin katekin, wanda shi ke kawo ɗaci da bauri. Inuwa na hana wannan juyi, sa'an nan tana tilasta wa ganyen ya ƙara kore, ya yi faɗi da laushi. Saboda haka gwargwadon kyan rumfa da tsawon kwanakinta, gwargwadon darajar ganyen.

Abu na biyu shi ne lokacin tsinka. Yankan fari, wanda ake yi daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, shi ne mafi daraja, domin itacen ya yi hutun sanyi ya tara abinci a saiwarsa. Yanka na biyu na zuwa a watannin Yuni da Yuli, kuma ya fi ɗaci. Akwai kuma na kaka, wanda shi ne ƙarshe a daraja. A gonakin Uji da ake tsinka da hannu, sau ɗaya tak ake taɓa itacen a shekara, abin da ke nufin kuɗin rumfa da na taki da na ƙwadago duk a kan yanka ɗaya suke sauka.

Da an tsinki ganyen sai a turara shi na kimanin daƙiƙa 20 don kada launinsa ya juye, sa'an nan a busar da shi a cikin tanderu ba tare da an murza shi ba, saɓanin sauran koren shayi. Bayan haka a cire jijiyoyi da tsinkayen ganyen, a bar tsokarsa zalla. Wannan shi ake kira tencha, kuma shi ne kayan da ake gwanjonsa. Manyan gidajen shayi kan ajiye shi a wuri mai sanyi har zuwa kaka don ɗanɗanonsa ya kwanta, kana gwanayensu su gauraya na gonaki daban-daban don kowane suna da suke sayarwa ya riƙe ɗanɗano iri ɗaya shekara bayan shekara.

Mataki na ƙarshe shi ne niƙa. Dutsen niƙa ɗaya, ko da inji ke juya shi, giram 30 zuwa 40 kawai yake fitarwa a cikin awa guda, domin idan aka gaggauta shi zai ɗauki zafi ya ƙona ƙanshin. Ke nan kilo ɗaya na bukatar aƙalla awa 25 a kan dutse ɗaya. Garin da ake kai wa masana'antu kuwa, injunan zamani ne ke niƙa shi da yawa cikin ɗan lokaci. Wannan tazara ta lokaci na daga cikin abubuwan da mai saye ke biya.

Ajin da babu shi a doka

Gwangwanayen da ake sayarwa a Amurka da Turai da sauran kasuwannin waje galibi na ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomi biyu na Turanci: "ceremonial", wato na shagalin shayi, ko "culinary", wato na girki. Wajibi ne ɗan kasuwa ya san cewa babu wata doka a Japan ko a ƙasashen da ke saye da ta fayyace abin da ya cancanci kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Masu talla ne suka ƙirƙiro su don kasuwar waje, kuma kowane kamfani na da 'yancin buga wanda ya ga dama. A 2022 Hukumar Daidaita Ma'aunai ta Duniya, ISO, ta fitar da wani rahoto da ya bayyana abin da ake nufi da matcha da siffofinsa, amma ba ta raba shi zuwa waɗannan azuzuwa ba.

A cikin Japan, tsofaffin gidajen shayi na raɗa wa kowane gauraye sunansa, su jera su bisa farashi, sa'an nan su nuna wanda ya dace da shayi mai kauri, wato koicha, da wanda ya dace da mai ruwa-ruwa, wato usucha, da kuma wanda aka tanada don sarrafa abinci. Wasu daga cikin sunayen kan sami amincewar shugabannin makarantun shagalin shayi irin su Urasenke da Omotesenke, abin da ke ƙara musu daraja a kasuwa. Wannan rabo ya fi amfani ga mai saye, domin an gina shi ne a kan abin da garin zai iya yi a cikin kwano.

Haka nan sunan wuri na bukatar lura. Bisa ƙa'idar da masu sana'ar suka amince da ita, shayin Uji ya haɗa da ganyen da aka noma a jihohi huɗu, wato Kyoto da Nara da Shiga da Mie, muddin 'yan kasuwar Kyoto ne suka kammala sarrafa shi a cikin jihar. Ban da Uji, akwai Nishio a jihar Aichi, da Yame a jihar Fukuoka, da jihohin Shizuoka da Kagoshima. Kagoshima, mai shimfiɗaɗɗun gonaki da ake yanka da inji, ta zarce Kyoto a yawan tencha tun 2020, kuma a 2024 ta ƙwace matsayi na ɗaya daga hannun Shizuoka a yawan ɗanyen shayi baki ɗaya. Ƙasar Sin ma na samar da matcha mai yawa, musamman a lardin Zhejiang da yankin Tongren na lardin Guizhou, a farashi mai sauƙi. Sayar da shi da sunansa halattaccen ciniki ne. Inda matsala take shi ne a liƙa masa sunan Uji a karɓi kuɗin Uji.

Daga ƙarshe akwai garin da ba matcha ba ne ko kaɗan, wato koren shayi na yau da kullum da ba a yi masa rumfa ba, aka niƙe shi kawai. Shi ne mafi arha, kuma shi ya fi yaudarar sabon shiga.

Alamomin da ake dubawa

Tun da rubutun jikin gwangwani bai isa shaida ba, ƙwararrun masu sari ba sa yin cinikin biri a sama. Sukan nemi samfur tukuna, su gwada shi ta hanyoyi huɗu.

Na farko launi. Gari mai daraja kore ne shar mai haske. Wanda ya karkata zuwa rawaya ko ruwan ƙasa, ko dai ganyen yankan baya ne, ko bai sami inuwa sosai ba, ko kuma ya daɗe a ajiye. Ana zuba samfura biyu ko uku a kan farar takarda a hasken rana don a kwatanta su.

Na biyu laushi. Idan aka ɗebi kaɗan aka ja shi da yatsa a kan takardar, mai kyau zai bar dogon layi sumul kamar kwalli, marar kyau kuwa layinsa zai riƙa yankewa, a kuma ji shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa.

Na uku ƙanshi. Sabon gari na da ƙanshin ɗanyen ganye mai ɗan zaƙi. Warin busasshiyar ciyawa alama ce ta tsufa ko rashin kyakkyawar ajiya.

Na huɗu ɗanɗano, kuma ana gwada shi ne da ruwa zalla, babu sukari babu madara. Aji na sama na da garɗi mai daɗewa a baki da ɗaci kaɗan. Yayin da ake sauka ƙasa a daraja, bauri na ƙaruwa har ya kama harshe.

Baya ga waɗannan, ana tambayar dillali abubuwa biyar: ƙasa da yankin da aka noma ganyen, yanka na nawa ne, kwana nawa ya yi a inuwa, da me aka niƙa shi, da kuma ranar niƙan. Wasu kan ƙara da tambayar irin itacen, domin irin su Samidori da Asahi da Gokou da Okumidori sun yi suna wajen ba da tencha mai kyau. Dillalin da kayansa ke da asali ba ya jin nauyin amsa waɗannan tambayoyi.

Yadda ake haɗa kowane aji

Wanda ya saba da koren shayin ƙasar Sin da ake dafawa a buta kan gawayi har ya yi kauri, zai tarar cewa matcha ya saɓa da wannan. Ba a dafa shi, kuma ba a tace shi. Ana burka garin ne a cikin ruwa a shanye shi duka, shi ya sa duk wani aibu da ke cikinsa yake bayyana a baki.

Kayan aikin su ne kwano mai faɗi, da ƙaramar rariya, da siririn cokali na gora, da maburgi na gora da ake kira chasen, wanda ake tsaga shi daga gaɓa guda zuwa tsinkaye masu yawa. Garin Takayama da ke jihar Nara shi ne cibiyar sassaƙa shi a Japan. Kafin a fara, ana ɗumama kwanon da ruwan zafi, a jiƙa maburgin don tsinkayensa su yi laushi, sa'an nan a zubar da ruwan a goge kwanon ya bushe. Tankaɗe garin wajibi ne a kowane aji, domin laushinsa na sa shi curewa ya yi gudaji.

Domin usucha, wanda shi ne aka fi sha, ana sa giram 2 na gari, a zuba ruwa mililita 60 zuwa 70 mai zafin kimanin digiri 80. Tafasasshen ruwa na fito da ɗaci ya kashe ƙanshi, don haka ake juye shi a wani mazubi ya ɗan huce tukuna. Sai a burka da sauri gaba da baya, da wuyan hannu, na daƙiƙa 15 zuwa 20, har kumfa mai laushi ta rufe saman. Yankan fari na matsakaicin farashi ya wadatar a nan, kuma ana sha nan take kafin garin ya kwanta.

Domin koicha ana ninka garin zuwa giram 4, a rage ruwan zuwa mililita 30 ko 40, sa'an nan a riƙa cuɗa shi a hankali ba tare da neman kumfa ba, har ya yi kauri kamar zuma. Aji mafi daraja ne kaɗai ke jure wannan, domin duk ɗacin da ke cikin gari sai ya ninku. Wannan ne ma'aunin da ba ya ƙarya: garin da aka kira lamba ɗaya amma ya gagara sha a matsayin koicha, kuɗinsa ya fi ƙarfinsa.

Domin haɗi da madara, ana fara narkar da garin a ɗan ruwan ɗumi har ya zama sumul, kana a zuba madarar, mai zafi ko mai ƙanƙara. A nan yanka na biyu, ko gaurayen na fari da na biyu, ya fi dacewa, saboda ɗan ɗacinsa ne ke ratsa maiƙon madara da zaƙin sukari har a ji ɗanɗanon shayi. Domin kek da biskit da askirim kuwa, ajin girki ake nema, mai ƙarfin ɗanɗano da sauƙin farashi, tun da zafin tanda na dusashe launi da ƙanshi ko da wane iri aka sa.

Ya kamata masu sayarwa su sanar da abokan cinikinsu cewa giram 2 na matcha na ɗauke da sinadarin kafeyin kimanin miligiram 60, wato kusa da abin da ke cikin ƙaramin kofin kofi.

Lissafin ɗan kasuwa

Gwangwanin giram 30 na ba da kwano 15, kilo ɗaya kuma kwano 500. Da wannan lissafi ne mai gidan shan shayi zai gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Idan mafi yawan abin da yake sayarwa haɗin madara ne, sayen aji na sama ƙarin kuɗi ne da mai sha ba zai ji shi a baki ba. Idan kuwa ya sauka zuwa mafi arha, launin kofin zai dushe, baurin ya tilasta masa ƙara sukari, abokin ciniki kuma ya koma wani wuri. Tsari mafi dacewa shi ne a riƙe aji biyu: mai yawa na matsakaici don madara, da ɗan kaɗan na sama don masu sha da ruwa zalla.

Ajiya ma wani ɓangare ne na jari. Zafi da haske da iska da laima duk suna lalata matcha, kuma yana saurin ɗaukar warin abin da ke kusa da shi. Bayan an buɗe gwangwani, an fi son a ƙarar da shi cikin wata guda. Wanda ba a buɗe ba ana sa shi a firji, amma idan aka fito da shi sai a bar shi ya huce daga sanyin kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan garin. Ga masu shigo da shi Nijeriya, inda wasu gidajen shan shayi da kofi a Legas da Abuja suka soma sayar da shi, wannan na nufin a lissafa kuɗin sanyaya kaya da na rajistar hukumar NAFDAC tun kafin a yi oda, a kuma gwammace odar kaɗan-kaɗan a kai a kai bisa tara kayan da za su tsufa a sito.

Makomar kasuwar

Japan ta ƙara yawan tencha daga tan 1,471 a 2010 zuwa tan 4,176 a 2023, yayin da manoma da dama suka bar noman shayin ganye suka koma yi wa gonakinsu rumfa, da ƙarfafawar ma'aikatar aikin gona ta ƙasar. Duk da haka akwai iyakar da kuɗi ba sa iya matsar da ita da sauri. Sabon itacen shayi na ɗaukar kimanin shekara biyar kafin a soma yankansa sosai, gina tanderun tencha na cin jari mai yawa, sa'an nan gidajen manoman shayi sun ragu daga kimanin 53,000 a 2000 zuwa kimanin 12,000 a 2020, yawancin waɗanda suka rage kuma shekaru sun ja.

Ƙarin da ake samu ya fi yawa ne a ajin matsakaici da na girki, waɗanda inji ke yanka ya kuma niƙa, a Kagoshima da ƙasar Sin. Ajin sama kuwa, mai rumfar asabari da tsinkar hannu da dutsen niƙa, yanka ɗaya yake da shi a shekara, kuma manyan gidajen Kyoto kan fifita tsofaffin abokan hulɗarsu idan kaya suka yi ƙaranci. Saboda haka ɗan kasuwar da ke son samun rabonsa a kan farashin da zai iya jurewa, sai ya ƙulla yarjejeniya da dillalinsa tun kafin yankan watan Mayu, kuma ya fayyace a rubuce yanki da yanka da ranar niƙan kayan da za a aiko masa.